Haƙƙin Wanda Ya Yi Shakkar Littafinsa

Daga cikin jarrabobin da kan sami ɗan Adam a zaman duniya, ƙalilan ne suka kai nauyin wadda ke afka wa mutumin da aka rene shi a kan cewa littafin addininsa maganar Allah ce tun daga bangon farko har na ƙarshe, ya haddace ayoyinsa yana yaro, aka ɗaura masa aure da su, aka binne iyayensa da su, sa'an nan wata rana, ba don son zuciya ko neman sassauci ba, sai don abin da bincike ya bayyana masa, ya wayi gari zuciyarsa ta kasa tabbata a kan abin da harshensa ya saba furtawa. Wannan jarraba ta sami Kirista masu yawa a Turai da Amurka cikin ƙarni biyun da suka shuɗe, kuma tun da muhawarorin masana suka zama abin da kowane saurayi ke iya kallo a wayar hannunsa, ba ta tsaya a waɗancan ƙasashe ba. Ni Musulmi ne mai rubutu ga jama'ar da ta haɗa Musulmi da Kirista, kuma ra'ayina shi ne cewa irin wannan mutum yana da haƙƙi biyu waɗanda aka cika tauye masa: na farko a wuyan malamansa, watau su gaya masa gaskiyar abin da suka sani tun da wuri, na biyu kuwa a wuyan maƙwabtansa na wani addini, watau su ɗauki maganarsa da amana, kada su mai da ciwonsa abin murna.

Ya kamata mai karatu Musulmi ya fara sanin abin da Kirista ke nufi in sun jingina littafinsu ga Allah, domin da yawanmu mukan auna maganarsu da ma'aunin da ba nasu ba. A wurinmu Alƙur'ani saukakke ne lafazinsa da ma'anarsa, ta hannun Mala'ika Jibrilu, ga Annabi guda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin shekara 23. Littafi Mai Tsarki kuwa, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a shekarar 1932, tarin littattafai ne, 66 a wurin Furotesta, 73 a wurin Katolika, waɗanda mutane dabam-dabam suka rubuta cikin ƙarnoni masu yawa da Ibrananci da Aramiyanci da harshen Yunanawa. Kuma aƙidar ikilisiya ita ce Ruhu Mai Tsarki ne ya huri waɗannan marubuta, kowannensu ya rubuta da salonsa da fahimtar zamaninsa, shi ya sa suke ce masa hurarre. Inda suka saɓa a tsakaninsu shi ne iyakar wannan hurarwa. Wasu, kamar malaman da suka taru a birnin Chicago a shekarar 1978 suka sa hannu a kan wata sanarwa, sun tafi a kan cewa nassin asali ba shi da kuskure ko kaɗan, har a kan tarihi da ƙidaya da sha'anin halitta. Wasu kuma, kamar yadda da yawa suka fahimci matsayin babban taron Fadar Paparoma na shekarar 1965, sun fi ƙarfafa cewa abin da littafin ke koyarwa ba tare da kuskure ba shi ne gaskiyar da Allah ya nufa don ceton mutane. Galibin waɗanda imaninsu ya girgiza daga ɓangaren farko suka fito.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan al'amari kamar na John William Colenso, Bature mutumin Ingila, wanda aka haifa a shekarar 1814, ya shahara da ilmin lissafi a Jami'ar Cambridge har littattafansa na hisabi suka cika makarantun ƙasarsu, sa'an nan aka naɗa shi bishop na farko na lardin Natal a Afirka ta Kudu a shekarar 1853. Da ya isa ƙasar Zulu bai tsaya ga tafinta ba: ya koyi harshensu, ya rubuta nahawunsa da ƙamusunsa, ya zauna fassara littattafan addininsa tare da mataimaka 'yan ƙasa. Suna cikin aikin fassara ƙissar Annabi Nuhu da ruwan ɗufana, sai ɗaya daga cikin mataimakan, William Ngidi, ya ɗaga kai ya tambaye shi ko shi kansa ya gaskata cewa abin ya auku kamar yadda aka rubuta, watau dukan dabbobi da tsuntsaye da masu jan ciki, na ƙasashen zafi da na sanyi, sun shiga jirgi guda, kuma an tanadar wa kowannensu abincin da ya dace da shi. Colenso ya riga ya karanta binciken masana duwatsu na zamaninsa, kuma a ransa ya daɗe da sakankancewa cewa ruwan bai game duniya duka ba a yadda aka saba fassarawa. Saboda haka sai ya ga hanya biyu ce kawai a gabansa, ko ya ba wannan mutum amsar da shi kansa bai yarda da ita ba, ko kuwa ya faɗi abin da ke zuciyarsa ya ɗauki abin da zai biyo baya. Ya faɗa daga baya cewa abin da ya tsayar da shi shi ne tsoron yin ƙarya da sunan Ubangiji.

Daga nan sai ya koma kan littattafai biyar na farko, waɗanda ake jingina wa Annabi Musa, ya bi su da alƙalamin mai lissafi. Ya ga Littafin Ƙidaya ya ce mazajen Banu Isra'ila da suka isa yaƙi sun kai 603,550, abin da ke nufin jama'ar da ta kai wajen miliyan biyu in an haɗa da mata da yara, sai ya tambaya yadda taro irin wannan zai tsaya a ƙofar alfarwa guda, da yadda dabbobinsu za su sami kiwo a jejin Sina'i, da yadda firistoci uku rak, watau Haruna da 'ya'yansa biyu, za su iya gudanar da dukan hadayun da shari'a ta wajabta wa jama'a mai wannan yawa. Ya fitar da juzu'in farko na bincikensa a shekarar 1862, kuma hukuncin da ya yanke shi ne cewa waɗannan littattafai, ko da yake suna ɗauke da wa'azi mai daraja, ba za a ɗauke su a matsayin tarihi tsantsa ba, ba kuwa duka ne suka fito daga hannun Annabi Musa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin ɗaukar darasi. Bishop-bishop na Ingila suka nemi ya ajiye muƙaminsa, mawaƙan barkwanci suka yi ta yi masa ba'a cewa ya je shiryar da Zulu sai Bazule ya juyar da shi, babban bishop na Cape Town, Robert Gray, ya zauna shari'a ya tuɓe shi a shekarar 1863, kuma ko da majalisar shari'a ta Sarauniya a Landan ta warware wannan hukunci a shekarar 1865, ba a fasa shelanta fitar da shi daga tarayyar ikilisiya ba, har aka naɗa wani bishop na dabam a lardinsa alhali yana raye. To, wannan mutum da aka yi wa laƙabi da ɗan bidi'a bai bar bauta wa Allah ba har ya mutu a shekarar 1883, kuma shi ne, a lokacin da mafi yawan Turawan Natal suka yi shiru ko suka goyi bayan zalunci, ya tsaya wa Langalibalele, sarkin ƙabilar Hlubi, sa'ad da gwamnatin mulkin mallaka ta yi masa shari'ar son zuciya a shekarar 1874, ya tafi har Landan a kan maganarsa, sa'an nan ya fito fili ya la'anci yaƙin da aka ɗora wa Cetshwayo, sarkin Zulu, a shekarar 1879. Zulu sun sa wa Colenso suna Sobantu, watau uban jama'a. Ban kawo wannan don in ce duk lissafinsa daidai ne ba, domin malaman Kirista sun ba da amsoshi a kan wasu daga cikin hujjojinsa. Na kawo shi ne don in nuna cewa halin da ya hana shi yi wa mataimakinsa ƙarya shi ne dai halin da ya hana shi yin shiru a gaban azzalumi, kuma wanda ya ce shakka a kullum alamar lalacewar zuciya ce, sai ya bayyana mana yadda lalatacciyar zuciya ta haifi wannan adalci.

Wata ƙofar da shakka kan shigo ta cikinta ita ce ta kwafe-kwafen hannu. Kafin a ƙago injin ɗab'i, marubuta ne ke kwafe Sabon Alkawari da hannu, wani daga wani, har abin da ya rage a yau na kwafen Yunananci ya haura 5,000, tsakanin cikakku da guntaye. A shekarar 1707 wani malami a Oxford, John Mill, bayan aikin shekara 30, ya fitar da nassi wanda ya nuna wurare kusan 30,000 da kwafen da ya duba suka saɓa wa juna, hankalin malaman coci ya tashi, masu inkarin addini suka yi tsalle. Amma Richard Bentley, wanda ya fi kowa sanin tsoffin nassoshi a Ingila ta wancan zamani, ya amsa musu da cewa yawan saɓani ɗan yawan kwafe ne, kuma yawan kwafe shi ne ke ba mai bincike damar gane kuskuren wannan marubuci ta hanyar gwada shi da wancan. A ƙarni na 19 Constantin von Tischendorf ya fito da wani tsohon kwafi na ƙarni na huɗu daga gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i, aka ga cewa shi da takwaransa da ke ajiye a Fadar Paparoma ba su ɗauke da ayoyi 12 na ƙarshen Linjilar Markus, ba su kuma ɗauke da ƙissar matar da aka kama da zina wadda ke cikin Linjilar Yohanna. Wannan ba asiri ba ne a wurin masana, kuma fassarori da yawa na zamani sukan nuna shi a ƙasan shafi. Abin tambaya shi ne mutum nawa daga cikin masu zama a kujerun majami'a aka taɓa yi wa bayaninsa.

A zamaninmu wanda ya fi shahara da wannan jarraba shi ne Bart Ehrman, Ba'amurke, wanda ya shiga makarantar Moody ta birnin Chicago yana saurayi mai tsananin riƙo da aƙidar cewa babu kuskure ko na harafi a cikin littafin, ya wuce kwalejin Wheaton, ya ƙare a makarantar tauhidi ta Princeton. A can ne ya rubuta doguwar maƙala yana ƙoƙarin daidaita wata aya a sura ta 2 ta Markus, wadda ta ambaci Abiyata a matsayin babban firist lokacin da Annabi Dawuda ya ci gurasar keɓe, da Littafin Sama'ila na ɗaya, wanda ya ce Ahimelek ne, mahaifin Abiyata. Malaminsa, wanda shi ma mumini ne a addininsu, ya rubuta masa layi guda a ƙarshen takardar yana nuna cewa mai yiwuwa Markus kuskure ya yi kawai. Ehrman ya ce daga wannan rana ƙofa ta buɗe. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, babban malaminsa Bruce Metzger, wanda ya fi shi daɗewa a kan waɗannan kwafe-kwafe, ya san duk abin da almajirinsa ya sani, kuma ya mutu a shekarar 2007 yana kan imaninsa. Na biyu, Ehrman da kansa ya bayyana cewa ya zauna Kirista shekaru masu yawa bayan ya bar waccan aƙida mai tsanani, kuma abin da ya fitar da shi daga addini ɗungum mas'ala ce ta dabam, watau yawan wahala da azabar da ya gani a duniya. Ilmi guda, mutum biyu, sakamako biyu. Wannan kuwa yana nuna cewa yadda aka gina imanin tun farko yana da hannu babba a kan yadda zai ɗauki girgiza.

Nan ne maganata ga malaman coci take, kuma ina yin ta da ladabin maƙwabci. Wanda ya koya wa yaro cewa in aka sami tuntuɓe guda a ƙidaya ko a sunan wani firist to littafin duka ya rushe, tamkar manomi ne da ya ɗora rumbunsa a kan dutse guda, ranar da dutsen ya gurgusa hatsin shekara yana ƙasa. Abin da fasto ya karanta a makarantar tauhidi game da tarihin nassi, da yadda aka tattara littattafan, da wuraren da kwafe suka saɓa, amana ce a hannunsa, kuma in ya ɓoye ta don gudun tada hankalin jama'a, to ya sani cewa saurayin da ke gabansa zai ji labarin ko ba daɗe ko ba jima, daga bakin wanda ba ya nufinsa da alheri, kuma a ranar zai yi hasara biyu, ta natsuwa da littafinsa da ta yarda da malaminsa, ta biyun kuwa ta fi wuyar gyara.

Na san hujjar da za a kawo, kuma ba hujja ce mai rauni ba. Za a ce ba kowane ilmi ne ya dace da kowane kunne ba, kuma tsohuwar da ke samun natsuwa da Zabura ba ta da bukatar a ɗora mata saɓanin marubutan ƙarni na huɗu. Mu ma a wajenmu malamai sun yi wasiyya da a yi wa mutane magana gwargwadon hankalinsu, har Imamu Gazali ya wallafa littafi a kan kame talakawa daga zurfafa cikin ilmin kalami. Amma akwai bambanci mai girma tsakanin tadriji da kitmani. Malamin da ya jinkirta wata mas'ala har almajiri ya isa ɗaukarta ya yi hikima. Wanda kuwa aka tambaye shi kai tsaye, kamar yadda Ngidi ya tambayi Colenso, ya musanta abin da ya sani ko ya tsawata wa mai tambaya, wannan ya ci amanar ilmi, kuma hadisi ya zo da gargaɗi mai tsanani a kan wanda aka tambaye shi ilmi ya ɓoye. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai wannan magana tana da sharaɗi, watau ya sami wanda zai amsa masa da gaskiya.

Maganata ta biyu ga 'yan'uwana Musulmi ce, musamman masu wa'azin muƙarana tsakanin addinai. Amfani da binciken Turawa a muhawara ba sabon abu ba ne: Shaihu Rahmatullahi Alkairanawi ya yi shi a munazararsa da mai bishara Pfander a birnin Agra na ƙasar Indiya a shekarar 1854, ya kuma zuba shi a littafinsa Izharul Haƙƙi, Ahmad Deedat na Durban ya bi sawunsa, muhawararsa da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart a Amurka a shekarar 1986 ta yaɗu a kaset har kasuwanninmu. Musulmi yana da damar bayyana aƙidarsa game da littattafan da suka gabata, ni ma ina kan wannan aƙida ba tare da kwana-kwana ba. Abin da ba shi da damar yi shi ne ha'inci a naƙali. Wanda ya ɗauko maganar Ehrman a kan saɓanin kwafe, wajibi ne ya gaya wa masu sauraronsa cewa shi Ehrman ɗin ya yarda mafi yawan saɓanin na rubutun haruffa ne da tuntuɓen alƙalami waɗanda ba su canza ma'ana, kuma cewa mutumin nan bai yarda da wahayi ga kowane annabi ba, yana kuma ƙidaya gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cikin abubuwan da ya fi tabbatarwa a tarihi, abin da ya saɓa wa aƙidarmu kai tsaye. Yanko rabin maganar shaida a bar rabin da bai yi daɗi ba, malaman hadisi da suka ƙare rayuwarsu a kan jarhu da ta'adili ba za su karɓe shi daga mai ruwaya ba, kuma Alƙur'ani ya hore mu da kada ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu a kan barin adalci, ya kuma iyakance jayayya da Ma'abota Littafi ga hanyar da ta fi kyau.

Bayan amanar naƙali akwai tausayi. Mutumin da ya rasa natsuwa da littafinsa yana cikin makoki ne, ko da bai sa baƙaƙen tufafi ba, domin yakan rasa abokai, wani lokaci ya rasa aiki ko zaman lafiyar gidansa, kuma yakan daɗe yana kwana da tambayoyin da ba ya iya faɗa wa matarsa. Wanda ya yi masa dariya ya nuna bai san tarihin malamansa ba, domin Imamu Gazali, wanda ake wa laƙabi da Hujjatul Islam, ya ba da labari da alƙalaminsa cewa shakka ta taɓa kama shi har kusan wata biyu, ta kai shi ga tuhumar gaɓɓansa da hankalinsa, kuma bai jingina kuɓutarsa ga ƙarfin hujja ba, sai ga haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa. In shiriya baiwa ce daga Allah, kamar yadda Musulmi da Kirista duka suke faɗa, to babu mai ita da ke da dalilin yin alfahari a kan wanda ke nemanta.

Saboda haka abin da nake kira gare shi a fili yake. Majami'u su buɗe azuzuwan da za a koyar da tarihin Littafi Mai Tsarki ga matasa da harshen da suke ji, a bar su su yi tambaya ba tare da an kira su 'yan tawaye ba. Iyayen da ɗansu ya zo musu da shakka su riƙe shi a gida, su haɗa shi da malami mai ilmi da haƙuri, domin korarsa ba za ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyinsa ba. Masu wa'azinmu kuma su karanta littattafan da suke naƙaltowa daga farko har ƙarshe kafin su hau mumbari da su, su faɗi abin da ke goyon bayansu da abin da ba ya goyon bayansu. A ƙasar da saɓanin addini ya riga ya ci rayuka masu yawa, ba mu da wadatar da za mu mai da ruɗanin zuciyar wani bawan Allah abin tsokana, kuma kowane ɓangare zai tsaya gaban Mahalicci a tambaye shi abin da ya yi da gaskiyar da aka ba shi ajiya. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya kuma ba mu adalci ga wanda ya saɓa mana.